Injin ban-ruwan da aka jingine da damina, ya ƙi tashi da rani

Injin na Baffa ne, ƙanen mahaifina, wanda ke noman rani a wata fadama ta kwarin kogin Hadeja a Jihar Jigawa. Famfo ne mai bakin inci uku, ɗan Caina, irin wanda aka kwaikwayo daga Honda GX160: fistin ɗaya, igiyar ja, tankin ƙarfe a sama, an buga masa lamba 168F a jiki. Tun shekarun 1980 da 1990, lokacin da hukumomin bunƙasa noma na jihohi da shirin Fadama na Bankin Duniya suka baza ƙananan famfuna da 'yan rijiyoyin burtsatse a fadamun Arewa, wannan inji ya kori jigo daga bakin ruwa. Shi ne dai a jikin janareta mai matsakaicin girma, shi ne a injin markaɗe, kuma danginsa ne ake ɗaura wa ƙananan motocin tseren nan da ake kira go-kart a Amurka da Turai. Su sanyin ƙanƙara ke sa su ajiye nasu wata da watanni, mu damina, amma ciwon da injin ke tashi da shi iri ɗaya ne.

A watan Mayu aka yi ban-ruwan ƙarshe. Aka ɗaura injin a bayan babur aka kai shi gida, aka sa shi a ɗakin ƙasa da ake ajiye hatsi. Tanki na da kusan rabin mai, makullin man a buɗe, cikin famfon kuma ba a tsiyaye ba balle a ɗauraye. Haka ya kwana ya tashi har Nuwamba, lokacin shukar alkama. Alkama kuwa ba ta jira. Tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake so ta shiga ƙasa don ta sha sanyin hunturu. Wanda ya makara, zafin Maris zai riski tasa tana cikin zuba ƙwaya.

Da aka fito da shi, igiya ma ta ƙi motsi. Nan take maƙwabta suka yanke hukunci cewa inji ya buga. Babban ɗan Baffa ne ya yi dabarar cika cikin famfon da ruwa ya bar shi ya kwana, da safe ya riƙa jan igiyar kaɗan-kaɗan har ta saki. Laka ce ta bushe ta kama farfelar famfon, farfelar kuwa a kan sandar injin take kai tsaye, in ta cije komai ya cije. Bayan nan sai ja, ja, ja, har kafaɗu suka sage, ko tari injin bai yi ba. Aka sayo sabon fulogi, shiru. Wannan ya ce koyil ne, mai ba fulogi wuta, wancan ya ce kafireta, wani kuma ya rantse rin ne, zobban jikin fistin, suka cinye tunda igiyar ba ta da nauyi. Da an bi ta kowa, da an sayi rabin inji a kan ƙiyasi.

Ranar kasuwa aka kai shi wurin wani makanike a gari, mai gyaran janareta da famfuna. Kafin ya ɗauki sufana tambaya ɗaya ya yi.

"Baba, lafiya lau kuka kashe shi, ko da ciwonsa aka ajiye?"

"Da hannuna na kashe shi, ɗan nan. Yana cikin aiki."

Wannan amsa ce ta tsara duk abin da ya biyo baya, kuma ita ce dalilin da ya sa na ga lamarin ya isa a rubuta. Rin ba sa cinyewa a ɗaki. Bawul, ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi, ba ya sake saiti don an jingine inji, koyil ma da wuya ya mutu yana zaune. Waɗannan cututtukan aiki ne. Zama yana da nasa daban: mai ya lalace, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, ƙwari da ɓeraye su yi gida. Injin da aka kashe da lafiyarsa, a cikin waɗannan za a nemi abin da ya same shi, kuma kusan dukkansu wanki da gogewa suke so, ba sayen kaya ba.

Da baƙin mai ya fara. Ya daidaita injin a ƙasa, yana kwance murfin sai man ya tsiyayo da kansa, tsararo kamar ruwa, yana warin fetur. Injin nan kimanin lita 0.6 yake ci, kuma iyakarsa bakin ramin zubawa. In ya kwararo haka, wani abu ya ƙaru a ciki. Fetur ne. An ɗauko injin a babur makullin mai a buɗe, jijjiga ta riƙa buɗe allurar kafireta, daga baya datti ya hana ta rufewa sosai, man ya riƙa silalewa ta maƙogwaron kafireta zuwa kan fistin, ya bi gefen rin ya gangara cikin baƙin mai. Shi ya sa rabin tankin da Baffa ya bari ya koma ɗan kaɗan a gindi. A nan ƙin tashin injin ya zame masa alheri, don da ya tashi da wannan mai aka sa shi jan ruwa wuni guda, da maganar maƙwabta ta tabbata. Aka juye shi tas, aka zuba sabo. Ya kuma sa yaronsa ya cika cikin famfon da ruwa tun kafin a fara gwaji, domin akwai sil a bayan farfela wanda ruwa ne ke sanyaya shi, in inji ya yi gudu a bushe yakan ƙone cikin 'yan mintuna.

Sai wuta. Ya ja injin inuwa, nesa da inda aka zubar da man, ya cire fulogi ya maƙala shi a hularsa, ya dafa gindinsa a jikin ƙarfen inji, yaro ya ja igiya. Ko ƙyas. Ya gwada tsohon fulogin da Baffa ya zo da shi a aljihu, haka. A nan ne galibi ake cewa koyil ya mutu a aika kasuwa. Shi kuwa sai ya kwance murfin fanka. Abin da ya fito ya isa a cika hula: zaren buhu, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, kashin ɓera. Sun yi sheƙa a tsakanin haƙarƙarin da ke sanyaya kan injin. Akwai wata siririyar baƙar waya da ta taso daga koyil ta tafi makunni. Sun gaigaye robarta, jan ƙarfen cikin yana kwance a jikin inji.

Mutane da yawa ba su san yadda makunnin waɗannan injuna yake aiki ba. Ba ya ba da wuta, tunda babu batir. Maganaɗisun da ke jikin fankar ne ke wucewa ta gaban koyil ya haifar da wutar. Aikin makunni kashewa ne kawai: in an murɗa shi, sai ya haɗa waccan siririyar waya da jikin inji, wutar ta bi nan ta ɓace. To wayar da ɓera ya fere ta taɓa jiki, tamkar an bar makunni a kashe ne har abada. Makaniken ya zare wayar daga koyil gaba ɗaya, ya naɗa igiya a kofin da ke gaban fanka ya fizga, sai ga shuɗiyar wuta tas-tas-tas a bakin fulogi. Tsohon fulogin ma ya ba da wuta daidai da sabon; tazarar bakinsa kawai aka gyara zuwa milimita 0.7 ko 0.8. Ya yanke inda aka gaigaye, ya haɗa, ya naɗe da baƙin salatif.

Wannan gwaji na zare waya ɗaya shi ke raba koyil mai lafiya da matacce, kuma ba ya cin ko kwabo. A kan layin nan ne na'urar da ke kashe inji in baƙin mai ya yi ƙasa take, mai rawayar waya. Ita ma takan maƙale bayan dogon zama ta hana wuta. Sai dai abin da wasu masu gyara ke yi, su tsinke ta su bar ta a tsinke don inji ya tashi su karɓi kuɗinsu, ni ban ga gyara a ciki ba. Manomin da ke tsakiyar kwami yana juya ruwa ba ya jin lokacin da mai ya ƙare. A injin Baffa lafiyarta ƙalau, aka bar ta. Yaron shagon ya kama goge tsatsar jikin maganaɗisun da samfefa, ogan ya ƙyale shi. Tsatsa ba ta tare maganaɗisu, amma gogewar ba ta ɓata komai, muddin an mayar da koyil da tazararsa ta kusan milimita 0.4, wadda suke aunawa da ɗan kwali mai kauri.

Aka mayar da murfi, aka ja. Har yanzu shiru. Baffa ya fara gyara zama.

Makaniken ya cire matatar iska, ya ɗebo sabon fetur rabin murfin gora ya zuba a maƙogwaron kafireta, ya matsar da gorar can gefe, ya ja sau biyu. Injin ya ɗauka da ƙarfi, ya yi ruri na 'yan daƙiƙu, ya mutu. Wannan ɗan rurin ya amsa tambayoyi da yawa a lokaci guda. Wuta na zuwa a kan lokaci, fistin na matse iska, bawul na buɗewa suna rufewa. Maganar rin ta faɗi. Rashin nauyin igiya da ya ruɗi maƙwabcin nan kuwa haka aka ƙera injin: akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi yayin da ake ja, don kada igiya ta fizge hannun mutum, in inji ya ɗauki gudu sai ya janye. Don haka ba a taɓa saitin bawul ba, wanda a irin wannan inji milimita 0.15 ne na shigar iska, 0.20 na fitar hayaƙi. Abu ɗaya ya rage: mai ba ya isowa da kansa.

Da ya kwance kusar da ke gindin kofin kafireta da sufana lamba goma, ya juye abin da ke ciki a farar roba don kowa ya gani. Launinsa ya koma ja-ja mai duhu, warinsa ba na fetur ba, ya fi kama da na tsohon fenti. A ƙasan robar ga wasu ƙwayoyi suna gangarawa daban, ba su gauraya ba: ruwa. Gindin kofin kuma ya yi wani danƙo mai kama yatsa, da farin gari-gari inda ruwan ya ci ƙarfen.

Yadda hakan ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Fetur haɗin sinadarai ne, wasu masu saurin tashi, wasu masu nauyi. Masu saurin tashin su ke sa inji mai sanyi ya kama, kuma su ke fara gudu, domin kofin kafireta da murfin tanki duk suna da ƙofar shan iska. Abin da ya rage sai ya haɗu da iska ya riƙa yin kauri har ya zama danƙo. Littafin da Honda ke bayarwa tare da injunanta ya ce wannan lalacewa tana iya farawa cikin kwana 30 kacal, zafi kuma yana gaggauta ta. A injin Baffa abin ya yi muni saboda makullin da aka bari a buɗe: duk lokacin da na kofi ya bushe, tanki ya ƙaro wani, shi ma ya bushe ya bar nasa danƙon, wata shida ana haka. Ruwan kuwa daga laimar damina yake. Tankin da ba a cike yake ba yana shaƙar iska mai laima, da dare ta zama raɓa a bangonsa, ta gangara ƙasa tunda ruwa ya fi fetur nauyi, ta zauna daidai inda mai ke fita.

Duk man da injin nan ke sha yana bi ta wani rami ne a jikin jet, 'yar jan ƙarfe da ke cikin sandar tsakiyar kafireta, kuma faɗin ramin bai kai milimita ɗaya ba. Makaniken ya kwance ta da sukudireba mai faɗin da ya cika tsagar, don jan ƙarfe ne mai laushi, ƙaramin sukudireba yakan tauna shi. Ya ɗaga ta sama ya duba: haske ba ya wucewa. A samanta akwai wani siririn bututu mai 'yan huda-huda a gefe inda iska ke gauraya da mai; ya turo shi ya faɗo a tafin hannunsa, hudojin rabi a toshe. Ya jiƙa su a sabon fetur, ya zaro silin waya ɗaya daga cikin tsohuwar wayar lantarki ya riƙa bi da shi rami-rami. Ya hana yaron amfani da allurar ɗinki. Allura ta fi jet tauri, tana faɗaɗa ramin, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Inji zai tashi, amma zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har ƙarshen rayuwarsa. Ya wanke allurar da ke tare mai da mazauninta, ya girgiza robar da ke iyo a kan man kusa da kunnensa ya ji babu mai a cikinta, ya kwance ɗan kofin tara datti da ke ƙarƙashin makullin mai ya zubar da tsatsar da ta taru. Tiyon mai ya ƙandare ya fara tsagewa, aka canza.

A kan ragowar man tanki ne aka ɗan yi ja-in-ja. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin fetur ya ninka ya sake ninkawa, manomi kuma ba ya kallon ko kofi ɗaya a matsayin abin zubarwa. Baffa ya ce a tace da ƙyalle a mayar.

"Baba, ƙyalle tsatsa zai kama. Ruwan zai wuce, danƙon ma a narke yake, zai wuce. Ku bar mini shi in wanke kusoshi."

Da sabon mai injin ya tashi a ja na biyu. Amma ana buɗe cok sai ya fara hawa da sauka, ya yi sama ya yi ƙasa, in an rage gudu ya mutu. In an mayar da cok rabi sai ya daidaita. Baffa ya ce ai shi ke nan, a bar shi a rabin, haka na wane yake aiki shekara biyu. Gaskiya ne, fadamu cike suke da injunan da ke aiki da rabin cok, kuma masu su ne ke kukan inji na shan mai. Cok yana rage iska ne don man ya yi yawa a cikin haɗin. Injin da ba ya zama sai da shi yana faɗa maka cewa wata hanyar mai a toshe take, ana biyan bashinta da ƙarin fetur, da fulogi mai yin baƙi, da baƙin mai mai saurin tsinkewa. Hawa da saukar kuwa gwamna ne, na'urar da ke daidaita gudun inji, ke kokawa: mai ya gaza, gudu ya faɗi, gwamna ya wangale maƙogwaro, gudu ya wuce kima, ya sake rufewa.

Ogan ya dubi yaronsa, wanda shi ya mayar da kafiretar. "Ka ciro ƙaramar?" Yaron ya sunkuyar da kai. Akwai jet ta biyu, ta ƙaramin gudu, baƙar roba ce da ke ɓoye ƙarƙashin sukurun saita gudu a saman kafireta. Sai an warware sukurun, ana ƙirga zagayen don a mayar da shi yadda yake, sannan a ɓanɓaro ta a hankali. Raminta kusan rabin na babbar ne, ita ke fara toshewa kuma ita aka fi mantawa. Silin waya ya shiga da ƙyar, ya fito da ɗan baƙin abu a bakinsa. Aka mayar, aka buɗe cok gaba ɗaya, injin ya zauna daram.

Saura gwaji da kaya a kai. Aka jefa mesa a duro, famfo ya ja ruwa, amma da aka ƙara wuta sai ƙarar ta fito a shaƙe, ruwan ba ƙarfi. Bayan salansa ta huce ya leƙa bakinta da fitilar waya: zanzaro ya yi gininsa a ciki, ɗakuna-ɗakuna na laka, sun cinye fiye da rabin hanyar. Hayaƙin ƙaramin gudu yana samun wurin wucewa, na babban gudu ba ya samu. Ya kwance ta, ya farfasa ginin da waya, ya bubbuga ya zazzage. Ruwa ya fito cike da bakin mesa.

Abin da aka saya duka: baƙin mai, ɗan guntun tiyo, gasket na kafireta, da 'yar matatar mai irin ta babur. Fulogin da aka saya tun a ƙauye ya zama na ajiya. Na tambayi makaniken me ya hana shi sa sabuwar kafireta ya huta, tunda ta irin wannan inji ba ta da tsada sosai kuma ko'ina akwai. Ya ce yakan sa, in farin garin nan ya ci ƙarfen har ya rarake hanyoyin ciki, ko mazaunin allura ya lalace mai ya ƙi tsayawa. Wannan ba ta kai nan ba. Kuma sabuwa da aka ɗaura a ƙarƙashin tanki mai tsatsa, sati nawa za ta yi?

Ya yi wa Baffa bayanin ajiyar baɗi yana wanke hannu. A rufe makullin mai inji na aiki har ya mutu da kansa, sannan a kwance ɗan sukurun gefen kofin kafireta a tsiyaye ragowar, don mutuwar inji ba ta nufin kofin ya bushe. A juye tanki, man a zuba a babur. A canza baƙin mai tun inji da ɗuminsa. A cire fulogi a ɗiga baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu a ramin, a ja igiya a hankali ya bi jiki, a mayar da fulogi, a sake ja har a ji ta yi nauyi a tsaya nan, domin a wannan gaɓar bawul biyun a rufe suke, laima ba ta shiga. A ɗauraye cikin famfo da ruwa mai kyau a buɗe magudanar ƙasa. A cusa tsumma a bakin salansa. A rufe da buhu ko tsohon zane, ban da leda, don leda tana tara gumi. Da ya zo kan cewa a raba shi da ɗakin hatsi, Baffa ya ce ba shi da wani ɗakin mai ƙofa da kwaɗo, kuma ɓarawo ya fi ɓera ɓarna. Suka daidaita a kan a rataye shi a jikin azara da igiya, a nesa da buhuna.

Tankin ne ba a gama da shi ba. An zuba masa tsakuwa da kananzir an girgiza, an ɗauraye har ruwan ya fito fari, amma gindinsa ya riga ya yi ƙuraje, kuma ƙarfen da tsatsa ta fara ci zai ci gaba da zubar da gari. Matatar da aka ɗaura a tiyo za ta riƙe na wannan rani in ana duba ta duk mako ana zubar da ɗan kofin datti. Makaniken ya ce a nemo wani tankin kafin baɗi, ko na tsohon inji ne, Baffa ya ce sai an sayar da alkama.